Ciwon bayan da ya sauko min har yatsan ƙafa, likita ya ce harni diskal ne

Baban Sadiƙu (Ngaundare): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema don Allah. Ni direban babbar mota ne, shekara 19 ina hanyar Ngaundare zuwa Kuseri. Yau sati biyar kenan taya ta fashe min bayan mun wuce Figil, yaron mota ba shi da lafiya, sai na sunkuya ni kaɗai na ɗago safaya ina juyawa gefe, naji wani abu ya ce ɗas a ƙuguna. Na daure na kai kaya. Kwana uku bayan nan ciwon ya bar tsakiyar baya ya koma ɗuwawun hagu, ya bi gefen cinya ya sauko har babban yatsa kamar an saka min wayar wuta. In na yi tari ko atishawa sai na riƙe bango. Zama ya fi komai azaba, minti goma a kujera ba na iyawa. Na yi radiyo, wato hoton ƙashi, aka ce ba karaya, daga baya na shiga jirgin ƙasa na je Yawunde aka yi iyarem, hoton nan mai nuna har jijiyoyi, likita ya ce harni diskal ne a L4-L5, wato faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu ne ya bulluƙo, ya rubuta magani da seyans goma na kine, wato zuwa sau goma wajen masu tausa da motsa jiki na asibiti. Abin da ke damuna shi ne wai tausa ce za ta gyara abin da ya goce a cikin ƙashi? Ba gara a yi operasiyon ɗin, wato tiyata, a huta ba? Ina da iyali, mota tana ajiye.

Alhaji na Marwa: Wa alaikumus salam. Allah ya sawwaƙe ƙanena. Kar ka yarda a taɓa maka baya da wuƙa, baya ba abin wasa ba ne. Akwai wani tsoho mai ɗori a wajenmu, kwantar da kai zai yi ya taka wurin da dunduniya, kana jin ƙas ya koma mazauninsa. Mutane da yawa sun je.

Maman Iklima: Sannu Baban Sadiƙu, Allah ya ba ka lafiya ya sa kaffara ne. Maigidana ƙaho wanzami ya yi masa a ƙugu, aka fitar da baƙin jini sosai, ya ji sauƙi. Sanyi ne yake taruwa a wurin inji manya.

Ɗan Kilando: Baba sannu wlh. Nima haka nake fama, daga asuba zuwa isha ina kan moto. Ni dai ƙwaya nake sha in fita aiki

Kine ta Garwa: Salamu alaikum. Sannu da jiki Baban Sadiƙu. Aikina kenan, kullum irin ku nake gani, direbobi da masu dako da mata masu daka, don haka ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo. Alhaji, da girmamawa Baba, babu ƙashin da ya goce a nan balle a mayar da shi. Gadon bayan mutum ƙananan ƙasusuwa ne jere, 7 a wuya, 12 a wajen haƙarƙari, 5 a ƙugu, sannan na ƙasa da suka manne da juna. Na ƙugun nan su ake kira L1 zuwa L5. Tsakanin kusan kowane biyu akwai wani faifai da ke hana su gugar juna, shi ne disk. Tunda kai direba ne ka ɗauke shi kamar taya, bayansa tauri ne mai zare-zare hawa-hawa, cikinsa kuma laushi kamar ƙullu mai kauri. In zaren ya gaji ya tsage sai na cikin ya bulluƙo, in ya bulluƙo ta inda jijiya ke fita sai ya danne ta kuma ya sa ta kumbura. Shi ya sa ciwon yake a ƙafa alhali ƙafar lafiyarta ƙalau, matsalar tana sama. Mafi yawan harni na ƙugu a L4-L5 ko L5-S1 yake faruwa don nan ne nauyin jiki ya fi sauka. Na L4-L5 yakan bi gefen ƙafa zuwa babban yatsa, daidai yadda ka faɗa, na L5-S1 kuma bayan sha-raɓa zuwa dunduniya da ƙaramin yatsa. Radiyo ƙashi kawai yake nunawa, ba ya nuna disk da jijiya, shi ya sa aka ce ka yi iyarem.

Alhaji na Marwa: To 'yata ƙas ɗin da muke ji fa? Da kunnena na ji, kuma mutumin ya miƙe ya tafi.

Kine ta Garwa: Baba ƙarar nan irin ta yatsa ce in mutum ya lanƙwasa, daga ƙananan gaɓoɓin gefe take fitowa. Wanda tsokarsa ce ta ɗaure zai iya jin sauƙi na ɗan lokaci, ban musa ba. Amma wanda jijiyarsa take danne a hau masa baya da nauyin mutum guda, abin da ya bulluƙo zai iya ƙara fitowa. Kuma mai takawar bai ga cikin bayan ba, bai san ko disk ne ko wani ciwon ne da ya cinye ƙashi ba. Wannan shi ne tsorona.

Infirmiye, wato nas (Njamena): Madalla da kika kawo wannan maganar 'yar uwa. Ba kowane ciwon baya ne harni ba. A ƙasashenmu tarin fuka yana kama ƙashin baya, likitoci suna ce masa ciwon Pott. Mutum yana rama, zazzaɓin yamma, gumin dare, ciwon ba ya lafawa ko ya kwanta, wani har ƙusumbi ya fara fito masa. Irin wannan in aka taka shi za a iya gurgunta shi gaba ɗaya, alhali maganinsa ƙwayoyi ne na watanni. Don haka duk mai ciwon baya da rama ko zazzaɓi ya je asibiti tukuna kafin komai.

Baban Sadiƙu (Ngaundare): Na gode ƙwarai. Ni ba zazzaɓi ba rama alhamdulillahi. Amma Malama kine har yanzu ban gane ba, in ƙullun nan ya fito waje ta yaya motsa jiki zai mayar da shi ciki?

Kine ta Garwa: Yawwa, tambayar da kowa ke yi kenan. Ba mu muke mayar da shi ba, kuma duk wanda ya ce maka zai tura shi ciki da hannu ba gaskiya ya faɗa maka ba. Jiki ne da kansa yake aikin, kumburin jijiyar ya sauka, abin da ya fito kuma sau da yawa yakan motse a hankali, jiki ya shanye shi. Mafi yawan masu irin ciwonka suna samun sauƙi cikin sati 6 zuwa 12 ba tare da an yanka su ba. Aikinmu shi ne mu rage maka zafi a wannan tsakanin, mu hana ka abin da ke ƙara fama wurin, mu ƙarfafa tsokar ciki da ta baya da ta ɗuwawu don su riƙa tallafe ƙugun, sannan mu koya maka zama da tashi da ɗaukar kaya. Tausa da ɗumama wuri da na'urar nan mai ɗan tsikari da wuta ƙari ne kawai, suna da daɗi amma ba su ne maganin ba. In ka je seyans goma aka shafa maka mai kawai aka kunna fitila aka sallame ka, ba a koya maka ko motsi ɗaya da za ka yi a gida ba, ka tambaya, haƙƙinka ne.

Tela mai kanti: Ni dai ban yarda da wannan jira ɗin ba, ku yi haƙuri. Wata huɗu ina zuwa kine, kullum a ce min haƙuri haƙuri, har takalmi ya fara zamewa daga ƙafata ban sani ba, ina tafiya yatsuna suna jan ƙasa ina tuntuɓe. Sai da wani likita ya ce in tsaya a kan dunduniya na kasa, nan take ya ce ai wannan na tiyata ne. Aka yi min, wurin yankan bai kai tsawon yatsa ba, washegari ciwon ƙafa ya tafi kamar an zare ƙaya. Amma har yau ƙafar ba ta dawo da ƙarfinta duka ba kuma ina ganin jinkirin ne ya jawo. Don haka masu tsorata mutane da operasiyon su ji tsoron Allah, su ma masu cewa kine na maganin komai haka.

Kine ta Garwa: Gaskiyarka ne Yaya, kuma raina ya ɓaci da jin labarinka. Ranar da ƙafa ta fara faɗuwa ranar ya kamata a mayar da kai wajen likita, ba a ci gaba da seyans ba. Ni ban taɓa cewa kine ya isa a kowane hali ba. Rauni mai ƙaruwa a ƙafa dalili ne na tiyata. Ciwon da ya ƙi sauka bayan an yi sati 6 zuwa 12 ana magani yadda ya dace har ya hana mutum rayuwa, shi ma ana zama a yi maganar tiyata, kuma tana saurin cire ciwon ƙafa. Abin da ba na so shi ne mutum ya ga takardar iyarem ya firgita ya sayar da fili ya tafi Masar ko Indiya sati biyu da fara ciwo. Mutane da yawa da ba sa jin komai in aka saka su a iyarem za a ga disk ɗinsu ya ɗan bulluƙo, musamman in shekaru sun ja. Don haka likita mai hankali ba hoto kaɗai yake dubawa ba, zai ɗaga ƙafarka a miƙe kana kwance ya ga inda ciwon ke tashi, ya gwada ƙarfin babban yatsa, ya buga gwiwa da agara.

Infirmiye (Njamena): Don Allah kowa ya karanta wannan ko da bai karanta sauran ba. In mai ciwon baya ya kasa fitsari, ko fitsari da bayan gida suna zubo masa bai sani ba, ko ya ji tsakanin cinyoyinsa da mazauninsa sun mutu ba ya jin ruwa in yana tsarki, ko ƙafafu biyu sun yi rauni tare, wannan ba na gobe ba ne. Jijiyoyin ƙarshen laka ne suka matse, ana so a yi tiyata da gaggawa. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da aka tsallako da ita ta gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kuseri da Njamena, kwana huɗu ba ta iya fitsari sosai amma kunya ta hana ta faɗa wa surukanta, sai jiƙo ake ba ta. Da muka saka mata roba abin da ya fita ya ba ni tsoro. Har yau ina tuna yadda take rufe fuska da mayafi tana ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifi. Mata don Allah ku faɗa, ba abin kunya ba ne.

Maman Iklima: Innalillahi. Allah ya saka da alheri, wlh ban taɓa sanin haka ba. To ƙahon fa, yana da illa?

Infirmiye (Njamena): Maman Iklima ƙaho a fata yake tsayawa, disk yana can ciki nesa, ba ya kai wa gare shi. Wani yana jin sauƙin tsoka. Babban abin lura shi ne aska, a tabbatar sabuwa ce saboda ciwon hanta da sauran cututtukan jini. Sakiya da ƙarfe mai zafi kam a bar ta, ƙuna ce kawai a kan ciwo.

Baban Sadiƙu (Ngaundare): Yanzu na tashi na gwada tsayawa a kan dunduniya da kan yatsu, ina iyawa duka biyu alhamdulillahi, fitsari ma lafiya. To a gida me zan riƙa yi? Tun da na dawo kwance nake a tabarma, uwargida ta hana ni ko zuwa ƙofar gida.

Kine ta Garwa: Ka gaishe min da ita, ƙauna ce ta sa, amma ka ce mata kwanciyar ta isa haka. Kwana ɗaya ko biyu lokacin da ciwo ya yi tsanani ba laifi, fiye da haka tsoka ce ke narkewa baya ya ƙara sandarewa. Ka fara tafiya a fili mai laushi, minti biyar ko goma sau uku ko huɗu a rana, da sanyin safiya da bayan la'asar, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In za ka tashi daga kwance kar ka miƙe kai tsaye, ka juya gefe tukuna, ka sauke ƙafafu, ka tura da hannu. Barci a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi ƙarƙashin gwiwa. Kujerar tsugunno da kushin mai lotsawa ka bar su yanzu. Akwai wani motsi da muke yawan farawa da shi, na tsarin Robin McKenzie, wani mai aikinmu ɗan ƙasar Niyu Zilan, mutum ya kwanta rub da ciki sannan ya ɗago ƙirji a kan gwiwar hannu ƙugu yana ƙasa. Abin da muke kallo shi ne inda ciwon ke tafiya. In ya baro yatsa ya hau sha-raɓa, ya baro nan ya koma ɗuwawu, ana kan hanya ko da bayan ya ɗan ƙara ciwo. In kuwa ya ƙara sauka ƙasa a daina nan take. Ba kowa wannan motsin ya dace da shi ba, tsofaffi masu matsewar hanyar jijiya ma ƙara musu yake yi, shi ya sa nake so wanda zai gan ka ido da ido ya gwada ka kafin ka mayar da shi na kullum. Kar ka kwashi motsi daga bidiyon TikTok kana yi.

Ɗan Kilando: Anti ni fa? ba ni da kuɗin iyarem gaskiya. tramol nake sha da safe da diklofenak, in ban sha ba ba na iya hawa moto

Infirmiye (Njamena): Ƙanena ka tsaya ka ji ni. Diklofenak kullum, ga zafin Garwa ga rashin shan ruwa, gyambon ciki da ciwon ƙoda kake nema. Tramol kuma kama mutum yake yi, yau ɗaya gobe biyu, kuma yana jawo farfaɗiya in ya yi yawa, ka yi tunanin ta same ka da fasinja a baya. Kar ka yanke shi rana ɗaya in ka daɗe kana sha, ka je a rage maka a hankali. Kuma ba kowa ke buƙatar iyarem ba, yawanci dubawar likita da hannu ta isa a fara magani.

Kine ta Garwa: Ka zo a duba ka ƙanena, kar kuɗin hoto ya hana ka. Kafin nan duk sa'a ɗaya ka sauka daga moto ka miƙe ka taka kaɗan, kuma ka rage gudu a ramuka, jijjigar nan tana cin baya.

Hajiya Babba: Ni tambayata ta salla ce. Shekara biyu ina fama, ruku'u da sujada sai da hawaye, jikokina suna cewa in zauna a kujera ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba, gani nake kamar na rage wani abu.

Malam na Kuseri: Hajiya ki kwantar da hankalinki. Sahabi Imrana ɗan Husaini yana da rashin lafiya ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Abin da kika iya ki yi shi yadda yake, wanda ya gagara ki yi nuni. In tsayuwa ba ta dame ki ba ki tsaya, sujadar ce kawai za ki zauna ki sunkuyar da kai. Ba ki rage komai ba.

Hajiya Babba: Allah ya yi maka albarka Malam, ka sauke min nauyi.

Maman Iklima: Malama kine mu mata fa a ce mana wani abu, shara da guntuwar tsintsiya, wanki a duƙe, jarka 20 daga famfo, ga goyo

Kine ta Garwa: Kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Rabin masu zuwa wajena mata ne kuma ba sa zuwa sai abin ya ci ƙarfinsu. Tsintsiya a ɗaura mata sanda. Bahon wanki a ɗora shi kan benci ko turmi a kife. Jarkar lita 20 kilo 20 ce, gara a raba ta biyu hannu da hannu. In za ki ɗauki abu daga ƙasa, yaro ne ko tukunya, ki matso kusa ki lanƙwasa gwiwa, ki rungumo shi jikinki, in za ki juya ki juya da ƙafafu ba da ƙugu ba. Sunkuyo da nauyi tare da murɗawa, irin yadda Baban Sadiƙu ya ɗago safaya, shi disk ya fi tsana.

Alhaji na Marwa: To na ji bayaninku, amma ni har yanzu ina ganin na gargajiya ma akwai masu baiwa a ciki, ba duka za a zubar ba. Sai dai maganar tarin fukar nan ta shige ni, akwai yaron maƙwabcina da ya rame yana kukan baya, gobe in sha Allah zan sa a kai shi a duba.

Baban Sadiƙu (Ngaundare): Salam 'yan uwa, na dawo da labari bayan sati uku. Na yi seyans bakwai. Ranar farko mai kine ɗin ya sa na yi tafiya a gabansa, ya ɗaga ƙafar, ko rabi ba ta kai ba na yi ƙara. Ya koya min kwanciyar rub da cikin nan da wani na ɗaga ƙugu sama kamar gada ina kwance, da na matse ciki ina numfashi. Gaskiya sati na farko na kusa bari don bayan ya ƙara ciwo, sai na tuna maganar Malama na lura ashe yatsan ya daina zugi. Yanzu ciwon a ɗuwawu ya tsaya, wani lokaci yana leƙowa cinya in na daɗe zaune. Jiya na taka har masallacin Juma'a na dawo, sallar dai a kujera na yi. Saman ƙafar har yanzu akwai ɗan wurin da nake ji kamar an shafa min toka, ya ce wannan yakan fi jinkirin tafiya. Mai mota yana ta kira. Malama yaushe zan iya komawa hanya? Kuma bel ɗin nan mai faɗi da ake ɗaurawa a ƙugu in saya?

Kine ta Garwa: Alhamdulillahi, na ji daɗi sosai. Kar ka fara da Kuseri, hanyar Mora zuwa Dabanga ba ta mai sabon sauƙi ba ce. Sai ka iya zaman sa'a guda a gida ciwo bai sauko ƙafa ba, kuma ƙafar hagun nan tana taka ambireyaj, wato kuloci, da ƙarfinta, sannan ka gwada gajeriyar tafiya, wanda yake ganinka shi zai ba ka rana. Ka naɗe tawul ka saka a kwarin bayanka, ka cire walat daga aljihun baya, ka riƙa tsayawa kana sauka. Bel ɗin don hanya ko ranar aiki mai nauyi ba laifi, amma kar ka wuni da shi kullum. Kuma motsin nan ka ci gaba da shi ko bayan seyans sun ƙare.

Baban Sadiƙu (Ngaundare): To na gode. Zan ce masa ya ba wani wannan lodin, ni sai na Garwa in an ba ni izini. Ɗan Kilando ka je kuwa?

Ɗan Kilando: ranar Litinin in sha Allah Baba, na riga na karɓi kati